Kaurin Gashi Ɗaya

Shekarar da aka raba mu da Kano, aka ce daga yau mu 'yan Jigawa ne, ita ce shekarar da yayata Rabi ta rasu. Ana ta murna a Gumel, mu kuwa a ƙauyenmu na hanyar Maigatari muna zaman makoki. Zazzaɓin ƙarshen damina ne ya ɗauke ta. Allah Ya jiƙanta.

Inna, mahaifiyarmu, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Baba ko ɗigon hawaye bai zubar ba. Rabi ce 'yar farinsa, saboda kunya ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ya karɓi gaisuwa, ya koma yankan gero. Ni da hankalin yaro na yanke cewa bai taɓa son ta ba. Na daina gaishe shi da safe, na daina cin sauran tuwonsa.

Kakarmu Iya, wadda ta haife shi, man gyaɗa take sayarwa. Bayan isha'i mukan kewaye murhunta, tana ɗura mai a kwalabe tana yi mana tatsuniya. Ran nan ta dube ni ta ce, "Matso nan, mijin banza, mai fushi da tuwo. Ta yau taka ce."

Wai wasu 'yan'uwa ne su uku, Iska da Mai da Ƙarfe. Iska tana cikin salka an ɗaure bakinta, Mai yana cikin kwalba, Ƙarfe kuwa zobe ne a maƙera. Sai Wuta ta zo musu da labarin rasuwar uwarsu. Nan take Iska ta kumbura salkar har ta fashe, duk gari ya ji. Mai ya taso a hankali, ya cika wuyan kwalba, ya gangaro ta gefe. Ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. 'Yan'uwansa suka ce ba shi da zuciya. Sai maƙeri ya ɗauko ƙotar da ɗazu ta ƙi shiga zoben, ya zura, ta wuce sumul. Ashe ya buɗe, amma da kaurin gashi ɗaya. Da ya huce, ya damƙe ƙotar, bai sake ta ba har abada.

Na ce, "Iya, to wa ya fi jin zafin?"

Ta ce, "Wutar ai ɗaya ce, maigida." Ta ɗaga kwalba ta nuna mini wuyanta. "Ka ga ban cika ba? In rana ta take, mai zai taso, shi ya sa nake bar masa wuri. Ubanka kuwa ba wanda ya bar masa."

Daga nan na shiga neman gashin nan ɗaya a jikin Baba. A masallaci na same shi. In ya idar da farilla ya tashi nafila, sujadarsa ta ƙarshe ta ƙaru da kamar numfashi biyu. In ba ka san tsawonta na da ba, ba za ka lura ba. Na koma gaishe shi, amma maganar Rabi ba ta taɓa haɗa mu ba.

Iya ta daɗe da rasuwa. Bara 'yata tana bitar karatun boko a gabana, ni da ajami kawai na iya, sai na ji tana cewa da zafi iska ta fi faɗaɗa, ruwa na bi mata, ƙarfe ne ƙarshe. Sai na tuna tatsuniyar Iya da makokin Rabi. Duk mutanen gidanmu an yi musu ta'aziyya da hannu a kafaɗa. Baba kuwa da ya fi ƙarfin hali muka bar shi da kayansa, tun da ba mu ga ya zubo ba.

Ran Juma'a na hau mota na tafi ƙauye. Na tarar da shi a zaure, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa muka gaisa, sannan na ce, "Baba, ya haƙuri?"

Bai tambaye ni wanda ya rasu ba. Ya laluba ya kama hannuna, ya riƙe ƙam.

"Mun gode Allah," ya ce. "Allah Ya jiƙan Rabi."