Tauren Kawu Absar

Aikin Kawu Absar, ƙanen mahaifiyata, zaman jirgi ne. Idan kotu ta kama jirgin ruwa a bakin tekun Chittagong, shi ake turawa ya tare a ciki, don kada jirgin ya ɗaga anka kafin a gama shari'a. Ya yi furfura a kan jiragen da ba sa zuwa ko'ina.

Bara aka kama wani jirgin siminti da ya bangaje kwalekwalen masunta. Kawu ya san shari'ar jirgi ba ta sauri, ga Babbar Sallah da sauran watanni. Sai ya sayi ɗan taure baƙi, ya cusa shi a buhun shinkafa, ya goya, ya hau tsanin igiya da shi. Ya yi wa matarsa Rokeya alkawari cewa bana ba za ta ji kunyar maƙwabta ranar layya ba.

Matuƙan jirgin 'yan ƙasar waje ne, zaman jira ya ishe su. Suka sa wa tauren suna Kalu, suka dinga ɗura masa burodi da taliya har ya zama kamar ɗan maraƙi.

Ana saura mako guda Sallah, masu jirgin suka ajiye jingina, kotu ta sake shi. Ni aka aika da takardar daga ofishin lauyoyin da nake koyon aiki. Dulal mai kwalekwale ya kai ni. Kyaftin ɗin jirgin ya ce da zarar ruwan teku ya cika zai tashi, ko da akuya ko babu. A nan Kawu ya tuna cewa abin da ya hau a buhu ba zai sauka a buhu ba.

"Yaya Absar!" Dulal ya ƙwala daga ƙasa. "Ka goyo shi mana, ba ɗanka ba ne?"

"Rufa min baki, ɗan nema! Kai ko buhun albasa ka taɓa goyawa?"

"To bar shi ya tafi Singafo. Ni zan kai wa Yaya Rokeya labari, in tsaya daga nesa."

Kawu ya dube ni. "'Yar nan, ke da kika yi jami'a, ba dokar da za ta sake kama jirgin nan zuwa jibi?"

Na sunkuyar da kai na ce babu, Kawu.

Mai dafa abincin jirgin ne ya kawo ragar da suke ɗaukar kayan miya da ita. Aka nannaɗe Kalu, injin ɗaga kaya ya lula da shi sama, ƙafafunsa na reto ta ramukan ragar, yana kuka kamar ana yanka shi. Matuƙan suka jeru suna sara masa. Yana dira ya zuba wa Dulal kashi a kan ƙafa.

Ranar Sallah Kawu ya wasa wuƙa, ya fito tsakar gida. Kalu ya taho ya cusa baki a aljihunsa yana neman burodi. Kawu ya kasa kwantar da shi. Rokeya ce ta zare wuƙar daga hannunsa.

"Je ka shiga cikin masu haɗa saniya, Malam. Wannan ai fursuna ne, kotu ta riga ta sake shi."

Kalu na nan har yau. Ciyawa kuwa ko shinshinawa ba ya yi.