Rigar da ya sa don surukarsa

Nasara na mulki lokacin da wani Alhaji mai fataucin gyaɗa ya kawo mashin niƙa Matameye. Ni kuwa ban daɗe da komowa daga yawo ba. Na yi niƙa a Kumasi, na yi a Kano, don haka ni aka damƙa wa shi. Aka haɗa ni da abokin aiki, wani mutumin Kurni mai fara'a, sabon ango.

Abu guda na hana shi: kusantar igiyar fatar da ke juya mashin da babbar riga a jiki. A Kumasi da gajeren wando muke aiki, ba mai ɗaga ido ya dube mu.

Ya ce, "Haba maigida, ɗan dambe za ka mai da ni gaban matan gari?"

Ya dai tuɓe ya rataye. Mata suka samu na yi: "Ango, amarya ba ta ba ka tuwo ne? Ga haƙarƙari duk a waje!" Ya saba, aikin ya zauna masa a hannu, har yana cewa shi da fartanya sun yi sallama.

Wata ranar kasuwa na zaga baya ɗebo ruwan sanyaya mashin, sai ya hango uwar matarsa ta shigo da ƙwaryar hatsi. Ya fizgo rigar ya zura, ya sunkuyar da kai, ya ba ta baya, ya ci gaba da zuba hatsi.

Ta ga hannun rigar yana lilo dab da igiya. Ita ta faɗa mini daga baya. Ta buɗe baki, sunansa ya ƙi fitowa. 'Yarta ta fari yake aure, ba ta taɓa kiran sunan nan ba. Sai ta ce, "Malam! Malam!" Cikin wannan ƙarar, wa zai san da wane Malam ake?

Na ji kukan mashin ya sauya, na jefar da tulu na ruga. Kafin in kashe shi, igiya ta naɗe rigar, ta ja hannun dama har gwiwa.

Na sha ganin rauni a garuruwan mutane, amma ban taɓa daskarewa irin ta ranar ba. Yana kwance, jini na cuɗuwa da gari a ƙasa, rigar ta kekkece daga jikinsa. Na durƙusa in ɗaure hannun, ya riƙe ni da na hagu.

"Maigida, rufe ni tukuna. Tana nan."

Tsohuwar ta kwance mayafinta ta miƙo mini, fuskarta na kallon bango.

Motar gyaɗa ce ta kai shi Damagaram, likita ya yanke hannun. Bai sake niƙa ba, noman ma ya gagara. Surukar ce ta riƙa aika musu da gari daga Kurni, wanda ta niƙa da kanta a kan dutse. Har ta rasu ba ta sake tako ƙofar mashin ba.