Shekara Bakwai Ina Gaida Tabarma

Ko zan manta sunana, ba zan manta ranar da surukata ta ɗaure kayanta za ta bar mana gida saboda takunkumi ba.

Shekara bakwai ina aure a Karofane, kuma shekara bakwai Inna, uwar mijina, tana faɗa wa duniya ba na gaishe ta. Alhali kullum da safe sai na durƙusa, na sunkuyar da kai kamar yadda aka hore mu, na ce ina kwana a hankali. Ko uffan ba ta cewa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, har na fara tunanin zaman ba zai ɗore ba.

Da korona ta zo, mijina, wanda ke aikin jinya a Madawa, ya dawo da takunkumi cike da leda. Ya kafa doka: duk mai matsawa kusa da Inna sai ya rufe baki da hanci, tunda tsohuwa ce. Ita kam ta ce ba jaka ba ce da za a ɗaure wa baki, ba ta sawa.

Kwana uku, gida ya rikice. Jikoki su gaishe ta, shiru. Shi kansa mijina, ɗan lelenta, ya yi ta zuba, tana kallonsa kamar bango. Rana ta huɗu ta fito da ƙunshinta a ka.

"Azarori za ni, wajen ƙanena," in ji ta. "Tunda kun gama baki da yarinyar ga, kowa ya bar yi mini magana."

Ni ce yarinyar, da ɗiyana uku! Na ruga na riƙe ƙunshin, garin kokawa igiyar takunkumina ta tsinke. Kunya ta gudu, na dube ta ido cikin ido na ce, "Inna, don Allah ki zamna."

Ta tsaya cik. "A'a! Ashe kina da baki?"

Mijina ya cire nasa ya yi magana, ta amsa. Ya mayar ya sake magana, shiru. Sai ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Ashe kunnen Inna ya daɗe da yin nauyi. Leɓɓan mutane take kallo, ƙwaƙwalwarta tana cike abin da kunne ya zubar, ita kanta ba ta sani ba. Ni kuwa ladabi ya sa ban taɓa nuna mata bakina ba.

Na yi dariya har da hawaye, kuma rabin hawayen na gaske ne. Inna ta sauke kaya ta ce, "To, biya ni gaisuwata, amma ɗago kanki."

Tun ranar nake gaishe ta ido da ido, masu cewa na yi rashin kunya su yi ta faɗa. Na koyi cewa ladabin da bai isa ga mai shi ba, wahala ce kawai. Ni dai shekara bakwai tabarma nake gaidawa.