Ranar da na kai jikata jami'a da goro

Shekarun baya, soja ba su daɗe da komawa bariki ba, ana ta hidimar ƙaddamar da Shari'a a Kano, a daminar da katangar gidanmu na Unguwar Gai ta faɗi, jikata ta samu gurbi a jami'a. Ni na raine ta tun yaye, sai ubanta ya ce magana tana hannuna: in na ce a'a, ba ta zuwa.

Na zaunar da ita. "Hannun wa za ki?"

Ta ce, "Iya, ba hannun kowa ba, Fakalti ake cewa."

Na ce ta warware mini, don ban yi boko ba amma ba a rufe ni. Ta ce kalmar Turawa ce, su ma aro suka yi daga wani tsohon yare. Asalinta iyawa, wato abu ya zo wa mutum da sauƙi. Daga baya aka riƙa kiran taron malaman fanni ɗaya da ita, tunda iyawar tana wurinsu.

Na ce, "Madalla, ashe da mutane a ciki. Ubanki da kaina na damƙa shi ga malamin allo. Ke ma haka, ko ki zauna."

Ta yi kuka, wai za a yi mata dariya. Na ƙulla goro, na cika kwano da man shanu, muka hau mota a Rano.

Dariya kuwa an yi ta. Ga ni da kwano a ka, ina bin ƙofofi ina tambayar babban malami. Wani ma'aikaci ya ce, "Hajiya, nan ba a haka." Na ce, "Yau za a fara, ɗan nan." Na zauna a bakin ƙofa.

Can wata malama mai tabarau ta fito, ta durƙusa ta gaishe ni. Na miƙa mata goro da kwanon, na sa hannun yarinya a nata, na ce ga amana. Malamar ta ce, "Na karɓa, Iya. Ni ba wanda ya kawo ni."

Har yau ban ga laifina ba. Wanda zai koya wa naka abu, ka ga idonsa.

Uban yarinyar ya rasu. Jikata yanzu a can take koyarwa. Malamar ta tsufa, tana nan da rai, kwanona ma yana wurinta.