Faɗin Shanu Bakwai

Ɗana ya ci burtali. Ba zan sakaya ba don ni na haife shi. Kunya huɗu ya ƙara wa gonarsa daga cikin hanyar da shanu ke bi zuwa tafki, ya zuba riɗi a kai. Kunya huɗu ya ci, bai ji ko ɗaya ba.

Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, kuma a wajenmu uwa ba ta tsayawa ka-ce-na-ce da ɗan fari. Amma ranar da aka kawo mini labarin wata karsana ta kai baki cikin riɗin, har shi da makiyayin sun ɗaga wa juna sanda, sai na ajiye kara da kawaici a gefe na aika aka kira shi. Na san abin da ke biyo bayan sanda. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ya ce gona ta yi kaɗan, bakuna sun yi yawa, kuma ba shi kaɗai ya gutsura ba. Sannan ya ce, kansa a ƙasa:

"Inna, ke da kika shiga aji, nuna mini takardar da aka rubuta faɗin hanyar. In akwai, gobe na tuge."

Ya san inda zai taɓa ni. Ina da shekara arba'in da uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun da idona ya buɗe, duk abin da aka faɗa mini sai na ce a ina aka rubuta. Maganata ya dawo mini da ita. Ba ni da takarda. Ya tashi ya tafi, ni kuwa na zauna a bakin murhu, sai Iya ta faɗo mini a rai.

Iya kakata ce ta wajen uba. Garinmu, Sanagge, yana kan jigawa tsakanin Jahun da Aujara, rairayi ne zalla, in ka zuba ruwa kafin ka juya ya shanye. Tafki da fadama suna can arewa, burtalin kuwa ta tsakiyar gari ya ratsa, ya raba mu gida biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, da gamba a kowane gefe nasa. Tun ina ƙarama abin yana ɗaure mini kai. Wa zai kafa gari ya bar shanu su bi ta cikinsa? Gidanmu yana dab da hanyar, don haka in an ci tuwo lokacin kaka, muna kewaye da Iya a bakin wuta muna ɓarar gyaɗa, warin kashin shanu na shigo mana ta danga. Iya takan ce ƙanshin hatsin baɗi ne, tunda da an gama girbi Fulani za su sauka a gonakinmu su bar mana taki.

Tatsuniyoyinta ba su da tsayayyen hali. Kura yau ta mutu, gobe ta tsere da rabin wutsiya, in ka yi magana ta ce ka je ka tambayi kurar. Guda ɗaya ce ba ta taɓa juya ta ba, kuma ita kaɗai ce ba ta rufewa da ƙurungus kan kusu. In ta kai ƙarshe sai kawai ta kakkaɓe zaninta ta ce a je a kwanta.

Wai a wata shekara ta fari, gida uku suka taso daga wajen duwatsun Dutse suna neman ruwa, har ƙarfinsu ya ƙare a kan wannan jigawar. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai ido ɗaya. Da gari ya waye ta ga sawun kofato a rairayi, a cikin kowane sawu akwai ɗan ɓarɓashin laka mai damshi. Ta ce laka a kan jigawa baƙuwa ce, daga wani wuri aka ɗauko ta. Ta bi sawun. Ba ta yi nisa ba sai ga shanu bakwai sun taho kafaɗa da kafaɗa, ruwa na ɗiga daga bakinsu. Babbar naggen ta ce za su nuna mata ruwa, amma da sharaɗi: gari na mutane, hanya ta shanu. Tsohuwa ta ce faɗin hanyar fa? Nagge ta ce, yadda kika gan mu. A nan Iya kan ƙanƙance murya ta rera:

Bakwai muka zo, bakwai za mu koma,
Wanda ya rage ɗaya, rairayi zai sha.

Daga sawun nagge aka sami sunan garin, baki ya cinye rabinsa.

Ni ban iya barin magana ta wuce ba. Wata rana na ce mata ai shanu ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, ban taɓa ganin bakwai a jere ba. Ta dube ni ta hasken wutar ta ce:

"Uwar tambaya, ran nan ba tafiya suka zo yi ba. Awo suka zo yi."

Ban gane ba. Wani dare kuma yayana, don tsokana, ya rera waƙar da biyar. Iya ba ta yi faɗa ba. Ta ja bakinta ta rufe, kwana uku ba tatsuniya a gidan, sai da ya durƙusa ya rera ta da bakwai a gaban kowa. Na daɗe ina mamakin tsohuwar da ba ta damu da ran kura ba, amma take fushi a kan saniya biyu.

Shekara sama da hamsin ke nan, sai a daren da ɗana ya nemi takarda na gane. Mutanen da suka kafa garin nan ba su da biro. Da suka so ajiye awon da ba zai ɓata ba, sai suka zuba shi a cikin waƙa, suka ba yara su riƙe, don sun san gara tana cin takarda amma ba ta cin abin da yaro ya haddace. Hanyar ta girmi garin, mu ne baƙi a bakinta. Kuma in za a raba laifi, ina da kaso. Iya ta damƙa mini, ni kuwa ban taɓa zaunar da 'ya'yana na rera musu ba. Da fari aiki ya hana ni, daga baya kuma na shiga aji na fara ganin abin da ba a rubuta ba kamar ba komai ba ne.

Da na idar da sallar asuba na yafa mayafi. Na biya ta ƙofar mai gari na ce a gaya masa ina roƙon ya fito bakin burtali da hantsi, ya zo da liman. Daga nan na miƙe zuwa ruga. Na tarar da Ardo, dattijon Fulanin, yana tsaye ana tatsa. Bayan gaisuwa na ce aron shanu bakwai na zo, a jera su kafaɗa da kafaɗa a bi da su ta gefen gonar ɗana, ni zan shige gaba. Ya tambaye ni in sun taka riɗin fa. Na ce abin da suka taka, a hanyarsu suka same shi.

Ya tambaye ni daga ina na samo bakwai. Na rera masa waƙar. Kafin in kai baiti na biyu ya karɓe, da irin karin bakinsu, har ƙarshe. Sai ya yi murmushi.

"Inna, ai a wajen kakata tara ne."

Na ce, "Ardo, kwanto bakwai tukuna. Sauran biyun ma yi shari'arsu a gaban mai gari."