Kwalbar Tsohuwar Ƙonni

Da daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai, ɗiyata ta fari ta kwana biyu da zazzaɓi. Shekararta uku. A rana ta uku ta daina neman ruwa, ta daina ko kuka. Uwarta ta goya ta, muka taso daga Lafani zuwa ɗakin shan magani na Illela da sassafe.

Ga yadda tsarin wurin yake. Da farko mutum zai ajiye takalminsa a layi, ya koma gindin dogon yaro ya jira. Bayan haka a rubuta masa kati. Daga nan malamin asibiti ya duba shi, sannan a zuba masa magani ta taga. Ni kuwa aji huɗu na yi a elementare, kuma bin layi na cikin abin da ya fi zauna mini. Uwarta ta ce in roƙa a sa mu gaba. Na ƙi. Na zauna ina kallon takalmina yana matsawa, ina taɓa wuyan yarinyar, zafi kamar murhu.

Sai gab da azahar muka shiga. Malamin ya buɗe idon yarinyar, ya rubuta, ya tura mu taga. Mai zuba magani ya miƙo hannu.

"Kwalba."

"Kwalbar mi?"

"Malam, cikin hulakka za ni zuba maka? Kowa da tashi shika zuwa. Tafi kasuwa ka nemo, amma azahar na yi muna rufewa."

Ban taɓa ɗaga wa ma'aikacin hukuma murya ba sai ran nan. Na ce na bi mataki na ɗaya, na bi na biyu, na bi na uku, a ina aka rubuta kwalba? Ya ce ba a rubuta ba, kowa ya sani.

Wata tsohuwa 'yar Ƙonni, wadda aka sallama kafin mu, ta jawo hannun rigata.

"Ɗana, bar faɗa, yarinya na jin ka."

Ta juye maganin tarinta a 'yar ƙwaryar da take shan fura, ta ɗauraye kwalbar sau uku da ruwan butarta, ta miƙo mini. Na ce, "Inna, ai naki zai zube a hanya."

"Tarin ga ya girme ka," in ji ta. "Ba yau zai kashe ni ba."

A gindin dogon yaron aka ba yarinyar cokali na farko, rabi ya bi ta haɓarta. Muka kamo hanya. Na ce wa uwarta ta kwance goyon ta ba ni. Ban taɓa ɗaukar yaro a bainar jama'a ba, na saɓa ta a kafaɗa haka nan.

Mun kusa gonakin Lafani, bayan la'asar, na ji bakinta ya motsa kusa da kunnena.

"Baba, ruwa."