Jitar Yaya da Batirin Moto

Yayana ɗan kabu-kabu ne a Dungas, kuma batiri ɗaya gare shi. Da shi moto ke tashi, da shi kuma jitarsa ke magana. Ran kasuwa in ya gama kai mutanen Guci gida, sai ya dawo da la'asar, ya kwance batirin, ya jona shi da wata tsohuwar lasifika a gindin itacen bedin ƙofar gidanmu. Washegari moto ya ƙi tashi. Haka zai yi ta turinsa har bakin titi yana haki, ni kuwa ina leƙe ta katanga ina dariya.

Kiɗan nasa ba waƙa a ciki. Ba ya wasa kowa, ba mai yi masa liƙi. Wuri uku ko huɗu yake danna wa wayoyin jitar, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, da kauri da ɗan ƙura-ƙura, kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya. A lokacin ni waƙoƙin Kano nake so, waɗanda inji ya goge wa murya sumul, kowa na zancensu a lakkwal, makarantarmu.

"Yaya, wai ina waƙar take?" na taɓa tambayarsa.

"Ke dai zauna ki saurara," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Sau ɗaya na zauna, shi ma don mugunta. Na ɗauke shi a waya don in kunna wa ƙawayena mu yi dariya. Cikin ɗaukar har da kukan akuya, da Inna tana kirana in kawo tsintsiya.

Daga baya ya sayar da moto da jitar, ya yi arewa neman aiki. Da fari saƙon murya na zuwa, sannan ya ɗauke. Har yau ba mu yi zaman makoki ba, ba mu kuma daina jira ba.

Na girma, na zama malamar makaranta a Magarya. A nan kunnena ya buɗe. In na taso aiki sai in kunna ɗaukar nan, in ji yadda yake jinkirta hannu kafin ya koma farko, ba gaggawa, ba neman a yaba. Kewarsa takan kama ni har in kasa cin abinci, amma sai in sake kunnawa.

Bara katin wayar ya fara sarƙewa. Na kai wa mai tura waƙoƙi a kasuwa, na ce ya duba mini. Abin da na ce ke nan kawai. Da na dawo ya tarbe ni da fara'a.

"Madam, na wanke miki shi tas. Akwai wata hayaniya a ciki, ba suna ba mawaƙi, na cire ta. Na zuba miki sababbi, kyauta."

Na faɗa masa maganganun da malama ba ta faɗa a kasuwa. Bawan Allah, ba laifinsa ba ne, ni ce ban gaya masa ba.

Yanzu katin cike yake da mawaƙa masu suna, ban kunna ko ɗaya ba. Nakan gwada kiɗan da baki, amma kullum wani wuri na ɓace mini. In ina aji na ji wani na tura moto a titi yana haki, sai na leƙa ta taga.